Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga iyayenmu masu gidaje da shaguna a Legas: a daina yi wa kadarori kuɗin goro

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu 'yan Arewa masu gidajen haya, shaguna da ɗakunan ajiyar kaya a Jihar Legas,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da dukiyoyinku, ina neman izini in ɗauki ɗan lokacinku. Ni ɗanku ne, mazaunin Agege, kuma sana'ata ita ce kula da gidajen wasu daga cikinku: ni ne mai karɓar kuɗin haya, ni ne mai neman mai gyaran famfo da tsakar dare, kuma ni ne wanda 'yan haya suke fara zagi idan ruwa ya shiga ɗaki kafin maganar ta kai kunnen mai gida. Da baki na saba yi muku magana, ɗaya bayan ɗaya, a shago ko bayan sallar Juma'a, amma wannan batu ya shafi kowa, shi ya sa na ga ya fi dacewa in rubuta shi a fili.

Ranku ya daɗe, idan aka tambayi ɗayanku abin da ya mallaka, amsar da aka saba ji ita ce: "Alhamdu lillahi, akwai gidaje kaza a Legas." Ƙidaya ɗaya, gari ɗaya, an rufe magana. Roƙon da na zo da shi shi ne mu bar wannan al'ada a littattafanmu na lissafi, ko da ba mu bar ta a hira ba. Kowane gini a rubuta shi shi kaɗai, a faɗi inda yake, a faɗi ko wane iri ne, sannan a rubuta wutar da yake sha, da man dizal, da ruwa, da abin da damina take yi masa. Wannan rarrabewa ita ce tushen abin da bankuna da kamfanoni suke kira rahoton ɗorewa, wato bayanin da mai harka yake bayarwa a kan abin da harkarsa take ci daga muhalli, da kuma barazanar da sauyin yanayi yake yi wa dukiyarsa.

Abin da ya sa ni rubutun nan ya faru ne bara. Wani dattijo da nake yi wa aiki ya nemi kuɗi a wani banki domin ya ƙarasa bene, sai jami'in bankin ya aiko da takardar cikewa. Mun ɗauka takardar mallakar fili da shaidar kuɗin haya kawai za a nema, sai muka tarar ana tambayar kowane gini: unguwarsa, amfanin da ake yi da shi, faɗinsa da murabba'in mita, ko ruwa ya taɓa shigarsa, da abin da ake kashewa a kan wuta da mai. Alhaji ya dube ni, ni ma na dube shi. Rasit ɗin shekaru suna cikin jaka ɗaya a ƙarƙashin tebur, wasu beraye sun ci gefensu, wasu tawadar ta goge. A littafin da nake rubutawa da hannuna kuwa, duk man da aka saya wa injuna daban-daban layi ɗaya na ba shi, na sa masa suna "mai". Laifin nan nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Makonni muka yi muna tsintar takardu muna tuna wace jarka ta tafi wane gida. Da muka gama, sai ga abin da ba wanda ya zata: ginin da Alhaji ya fi alfahari da shi, na wajen Ajah, mai fenti da tayil, shi ne yake cinye ribar tsofaffin gidajen Agege. A can sai an tace ruwan rijiyar burtsatse kafin a yi wanka da shi, wani lokacin a sayi na tanka, ga injin zuƙe ruwa daga harabar gida duk damina, ga fentin ƙasan bango da danshi yake ɓarewa kowace shekara. Shekaru ana ɗiba daga aljihun hagu ana zubawa a na dama, ba a sani ba, domin lissafin a dunƙule yake.

Takardar bankin nan ba daga sama ta faɗo ba. A watan Yunin 2023 hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin rahoton ɗorewa, ISSB, ta fitar da ƙa'idoji biyu, IFRS S1 da IFRS S2, na biyun a kan sauyin yanayi yake. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fara cewa za su bi, tun a taron yanayi na Sharm el-Sheikh a Masar a 2022, kuma Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Ƙasa, FRC, ta fitar da jadawali a 2024: daga 2024 zuwa 2027 wanda ya ga dama ya fara, daga 2028 ya zama dole ga manyan kamfanonin da harkarsu ta shafi jama'a, ƙanana da matsakaita kuma daga 2030. Kafin wannan ma, tun 2012 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna ƙa'idojin lura da muhalli wajen ba da rance, kasuwar hannun jari ta Legas kuma ta fitar da nata ga kamfanonin da suke cikinta a 2019.

Gaskiya ɗaya ce, babu dokar da ta tilasta wa mai gidaje shida ya buga rahoto a yau, kuma ba zan tsorata ku da abin da babu ba. Amma bankin da kuke hulɗa da shi yana cikin waɗanda za a tilasta wa, kuma ƙa'idar ta ce ya yi bayanin hayaƙin da ke fitowa daga harkokin da ya zuba wa kuɗi. A ina zai samo bayanin in ba a wurinku ba? Haka kamfanin da ya kama hayar sitonku a Ijora ko Apapa, ko bankin da ya buɗe reshe a ƙasan benenku, shi ma za a tambaye shi nawa wuta da man da ya sha a wuraren da yake haya, sai ya juyo ya tambayi mai gida. Kamfanin inshora ko na takaful ma kafin ya yanka kuɗi yana so ya san ko ginin a tudu yake ko a kwari. Tambayar za ta iso gare ku ta hannun waɗanda kuke cin abinci da su, tun kafin gwamnati ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Abin da yake ba ni mamaki shi ne, rarrabe kaya ba baƙon abu ba ne a wurinku, ku ne ma malamansa. Wanda ya tsaya a Mile 12 da asuba ana sauke tirela ya san ba a cewa "albasa" a yi shiru. Sai an ji ta Aliero ce ko ta wani wuri, sabuwa ce ko ta ajiya, busasshiya ce ko mai ruwa a jiki, domin kowace da kuɗinta da kwanakin da za ta yi kafin ta fara ruɓewa. A kara ba a haɗa Bunaji da Rahaji da Bokoloji a yi musu kuɗi ɗaya. Mutumin da ba zai yarda a yi wa buhu goma kuɗin goro ba, shi ne yake yi wa gine-gine na miliyoyi kuɗin goro. Na daɗe ina tunanin dalili, kuma ina jin don gini ba ya ruɓewa a gaban ido ne kamar tumatir, a hankali yake yi, sai ran da aka zo sayarwa ko rabon gado a ga ɓarnar.

Bari in fara da wuri, domin a nan ne maganar ta fi nauyi. Ma'aunan da ake amfani da su a duniya, kamar GRESB da wasu asusun fansho na Turai suka kafa a 2009 domin gwada kamfanonin gidaje da junansu, sukan duba ƙasa ko yankin da gini yake. A wurin mai zuba jari da ke zaune a Amsterdam, rubuta "Nijeriya" ya wadatar. A wurinmu ko "Legas" bai wadatar ba, kai ko sunan ƙaramar hukuma ma bai isa ba, domin a cikin Kosofe kaɗai akwai tudu akwai inda ake shiga gida da kwalekwale. Ambaliyar Legas ba iri ɗaya ba ce. Akwai ta ruwan sama da ya rasa hanyar wucewa, irin wadda ta cika Lekki da Victoria Island da Ajah a Yulin 2017, inda ƙasa take kusa da tsayin teku kuma an cike fadamu da yashi an yi gini. Akwai ta kogin Ogun idan an saki ruwan madatsar Oyan, wadda take taɓa Isheri, Kara, Agiliti, Owode da gefen Mile 12, kuma takan zo ne wajen ƙarshen damina, wani lokacin ana rana tsaka babu ko hadari. Akwai ta teku da take cin gaɓa tana matsowa. Sai kuma tamu ta Agege da makamantanta, wadda yawanci toshewar kwata ce da leda da robobi. Maganin kowace daban ne: wata ɗaga daɓe take so, wata inshora, wata yasar magudana, wata kuwa sai dai a sayar a bar wurin. Idan aka rubuta "ambaliya" a layi ɗaya, ba a faɗi komai ba.

Ƙa'idar rahoton ɗorewa ta harkar gidaje da ake kira SASB, wadda yanzu take ƙarƙashin ISSB, tana neman a faɗi faɗin ginin da yake cikin yankin da ake kira na ambaliyar shekara ɗari, ma'ana wurin da kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 ruwa ya ci shi. Wannan ma'auni ya dace da ƙasar da aka zana taswirar kowane layi. Mu abin da muke da shi a hannu, kuma ya fi kusa da gaskiya, shi ne shaidar ido: a wace shekara ruwa ya shiga, ya kai idon sawu ko gwiwa ko taga, kwana nawa ya yi, nawa aka kashe. Alamar tana nan a jikin bango, maigadi ma ya san ta. A rubuta. A kuma rubuta tazarar gini da babbar magudana ko bakin rafi, domin duk mun ga yadda ma'aikatar muhalli ta jiha ta rushe gidajen da aka gina a kan hanyar ruwa a yankin Ikota a 2023, gidaje masu tsada ba bukkoki ba.

Wuri kuma shi ne yake yanke hukuncin wuta. Tun da aka raba masu amfani da lantarki rukuni-rukuni, rukunin A ana yi masa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4, kuma a Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni, fiye da ninki uku. Rabon nan da layin wuta ake yinsa, ba da sunan unguwa ba, saboda haka gidaje biyu da titi ɗaya ya raba suna iya zama a rukuni daban-daban, ɗaya yana kuka da bil, ɗaya yana kuka da man inji. Wasu gidajenku suna hannun kamfanin Eko, wasu suna hannun na Ikeja. Lita ɗaya ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon, don haka wanda ya san litar da kowane gini ya sha a wata, ya riga ya yi rabin aikin da ake biyan ƙwararru su yi, kuma ya san wane rufi ne sola za ta fi saurin mayar da kuɗinta a kansa.

Sai nau'in gini. Jerin da ƙa'idojin waje suke amfani da shi daga kasuwar Amurka da Turai aka aro shi: ofis, kantuna, masana'antu da sito, gidajen zama, otal, asibiti, ma'ajiyar bayanan kwamfuta. Hikimar tana da kyau, domin ba a gwada abin da ba jinsi ɗaya ba. Sito mai faɗi da ƙwan fitila huɗu ba zai sha wutar ƙaramin ofis mai na'urar sanyaya ɗaki a kowace kusurwa ba, kuma idan aka haɗa su aka raba da faɗin ƙasa, sai siton ya ɓoye ɓarnar ofishin. Amma jerin bai san gine-ginenmu ba. A ina za a sa bene mai shaguna a ƙasa, sito a tsakiya, ɗakunan kwana a sama, da masallaci a gefe wanda yake shan ruwan alwala fiye da duk sauran gidan? A ina za a sa gidan da ɗakuna suke kallon juna, iyali goma suna raba banɗaki da madafa da mita ɗaya? Ɗakin sanyi na kifi ko nama fa, wanda a takarda sito ne, amma injinsa ba ya mutuwa dare da rana? Wanda ya sa ɗakin sanyi da siton hatsi a rukuni ɗaya ya ɓata lissafin duka biyun.

Shawarata ita ce kada mu jira a zo mana da akwatin da ba zai ɗauke mu ba. Ginin da yake da amfani fiye da ɗaya a raba shi hawa-hawa ko sashe-sashe, a auna faɗin kowane sashe, a ba shi sunan da muke kiransa da shi a bakinmu. Idan banki ya zo da nasa jerin, sai a haɗa ƙananan su shiga manyan, wannan aikin rabin yini ne. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a warware dunƙulallen lissafi bayan shekara biyar, na gwada na gani.

Akwai kuma abin da ban taɓa kawowa a raina ba sai da na zauna da takardar bankin nan, wato da me ake auna rabon. Idan da ƙidayar gidaje ne, dattijon da na ambata mutumin Agege ne. Idan da darajar kuɗi ne, yawancin dukiyarsa tana wajen Ajah, a ƙasar da ruwa yake kwanciya, domin gini ɗaya a can ya fi da yawa a nan tsada. Idan da yawan mutanen da suke kwana a ciki ne, sai a koma Agege. Duk ukun gaskiya ne, amma kowanne amsar tambaya daban yake bayarwa, kuma mai ba da rance ta biyun ce take damunsa. Shi ya sa ake so kowane gini a rubuta faɗinsa da ƙimarsa tare. Ƙimar kuwa ba ta dillali a bakin titi ba, ta ƙwararren mai kimanta kadara ce wanda yake da rajista.

Tambaya ta gaba ita ce wa yake riƙe da makunni. A wani gidan mai gida ne yake sayen mai ya kunna inji ya raba kuɗin ga 'yan haya, a wani kuma kowa da ƙaramin injinsa a bakin ƙofa, mai gida bai san ko lita nawa ake ƙonawa ba. Masu rahoto suna raba abin da yake hannun mai gida da abin da yake hannun ɗan haya, har ma ƙa'idar SASB tana tambayar kashi nawa na 'yan haya ne suke da mitarsu ta kansu ta wuta da ta ruwa. A nan ni ba don rahoto ma nake roƙo ba. Rabin faɗan da nake rabawa a gidajenku na kuɗin wuta ne: mai firiza biyu da mai fanka ɗaya an yanka musu kuɗi ɗaya. Ƙaramar mita ga kowane shago tana kawo ƙarshen wannan faɗan, kuma mutum idan ya ga lambar tana tafiya da kuɗinsa, da kansa yake kashe abin da ba ya amfani da shi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an faɗa mini a fuska: a bar kaza cikin gashinta, wanda ya jera dukiyarsa a takarda ya kira mai haraji da bakinsa. Ban raina wannan tsoro ba, kuma ban ce a manna littafin a bakin kasuwa ba. Amma ku duba, gwamnatin jiha ta daɗe da rarrabe ku. Dokar harajin ƙasa da gini ta Legas tana yanka kuɗi daban ga gidan da mai shi yake ciki, da wanda aka ba da haya, da na kasuwanci, da na masana'anta. Dokar haya ta 2011 ta ware Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island daga hukuncinta. Wato hukuma ta san wuri, ta san nau'i, kuma da su take aiko takarda. Wanda bai sani ba shi ne mai dukiyar, har ma na ga inda aka yi shekaru ana biyan kuɗin gidan kasuwanci a kan gidan da iyalin mai shi ne kawai a ciki, don babu wanda ya zauna ya duba. Ga kuma maganar da ba a son yi: ranar da ta Allah ta kasance, magada da malamin da zai yi rabo wannan littafin za su nema. Na halarci rabon da aka ba wata marainiya gidan da ya fi kyau a ido, ba wanda ya gaya wa masu rabon cewa duk watan Yuli 'yan haya a kan tebur suke ɗora katifa.

Ba na so a ɗauka maganar ta manyan benaye ce kawai, irin Heritage Place na Ikoyi da ya samu shaidar LEED ta gini mai tattalin wuta da ruwa, ko asusun gidaje da ake sayar da hannun jarinsu a kasuwa irin su UPDC da SFS. Waɗannan suna da ma'aikatan da za su yi musu. Shaidar EDGE ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda take neman a rage wuta da ruwa da makamashin kayan gini da kashi 20 cikin 100, ta fi kusa da ƙarfin mai gina bene hawa uku, kuma wanda zai fara sabon gini ya kamata ya tambayi mai zanensa a kanta tun kafin a haƙa tushe, tun ran gini ran zane. Amma ko ita ba a kai gare ta sai an san abin da ake sha yanzu.

Abin da nake roƙo ba ya bukatar kwamfuta, ko da yake yaranku da suka gama makaranta za su iya zuba shi a waya cikin sauƙi. Littafi mai kauri ya isa, kowane gini da shafinsa. A sama a rubuta unguwa da layi da ƙaramar hukuma, da kamfanin wuta da rukunin layin, da inda ruwan sha yake fitowa, da tarihin ambaliya. A ƙasa a rubuta sassan ginin da faɗin kowanne da abin da ake yi a cikinsa. Sannan duk ƙarshen wata a shigar da wutar da aka saya, da litar mai, da tankar ruwa, da kuɗin masu kwasar shara, kowane rasit a maƙale shi a shafin gidansa. Ku umarci wakilanku su yi haka, kuma ku riƙa neman ganin littafin kamar yadda kuke neman ganin kuɗin haya, domin mu wakilai abin da mai gida yake tambaya shi muke rubutawa.

Ga shugabanninmu na kasuwanni da sarakunan Hausawa na unguwanni, ina roƙon a sa wannan batu a zama na gaba, a kira akanta ɗaya da mai kimanta kadara ɗaya daga cikin 'ya'yanmu su yi bayani da Hausa, a kuma amince da sunayen rukunin gine-gine iri ɗaya, yadda littafin Agege zai yi daidai da na Idi-Araba da na Obalende da na Ojo. Idan aka samu haka, ranar da FRC ko hukumar LASRERA mai kula da harkar gidaje ta jiha za ta nemi jin ra'ayin jama'a a kan yadda za a rarraba gine-gine, za mu je da takarda a hannu mu nuna musu inda ɗakin sanyi da bene mai shaguna da gidan ɗakuna ya kamata su zauna. Ni dai na riga na buɗe wa gidajen da suke hannuna shafi-shafi tun watan Janairu, kuma duk wakilin da yake son ganin yadda na tsara nawa, ya neme ni ta hannun mai gidansa, zan nuna masa.

Allah Ya ƙara arziki, Ya tsare mana dukiya da zuri'a.

Wassalam.

Ɗanku,
mai kula da gidajen haya,
Agege, Legas.